Ajin da Mushe Abarci Ya Tankaɗe

Na daɗe ina suyar awara a bakin kolej ɗin unguwarmu nan Dakoro, kuma inda nake girka kaskona babu abin da ya raba ni da ajin ƴan sizyem, wato ƴan shekarar farko, sai zana. Ajin kara ne, irin wanda ake kafawa bayan kaka, iskar damina ta zo ta kwashe abinta. Malami ya yi tari a ciki ina ji. To in na ce maku na san Mushe Abarci, wato Monsieur a bakinmu, malaminsu na Faransanci, ba labari aka ba ni ba, kunnena ne ya sha wahalarshi.

Mutum ne da ba ya ganin kowa da gashi. Tsakiyar bazara, ƙadangare ma na neman inuwa, shi kuwa sai ya zambaɗo kwat ya ɗaura karabat a maƙoshi, zufa na bin wuyanshi, yana tafe yana ɗaga ƙafa wai kar ƙasar Dakoro ta ɓata mashi takalmi. Haifaffen Bader Goula ne fa, na san gidansu, uwarshi har gobe tana dakan fura. Amma in ya zo sayen awara sai ya tsaya nesa da hayaƙi ya ce, "Mademoiselle, sans piment." Sai ka ce ba da yaji aka yaye shi ba. Ɗan kwantiragi ne, ya yi shekara da shekaru yana jiran ranar da za a zo a duba koyarwarshi a maida shi cikakken ma'aikaci, kuma ban da wannan babu abin da ke cikin kanshi.

Ƙanena Zakiru yana cikin ajin nan. Innarmu ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi, ni na kai shi lakkol, makarantar boko, da hannuna. Yaron yana da kai, wallahi ba don nawa ne ba. Ni ma na yi lakkol har katriyam, shekara ta uku a kolej, kafin in bari, na san mai kai in na gan shi. Abin da Allah ya jarrabe shi da shi in'ina ce. Ba shi alli, ya rubuta maka abu tsaf. Ce mashi ya faɗa, sai kalmar ta maƙale, ya rufe ido, ya dunƙule hannu, sai ta ga dama ta fito.

Mu asalinmu mutanen arewa ne, masu bisashe. Babanmu Mamani shi ya sauko gari ya kama noma. Wanshi kuwa, Baba Abdoulaye, yana can wajen Azagor da garken gidanmu. Ɗanshi namiji ɗaya ne, ya tafi cirani Aljeriya bai dawo ba. In rani ya kama, ruwa sai a rijiya mai zurfin tsiya, wadda sai an ɗaura igiyar wasaki a jikin sa, yaro ya kora shi can nesa, ya juyo da shi, tun safe har rana ta faɗi. Yaron nan ne Baba Abdoulaye ba shi da shi, saboda haka duk rani sai ya zo ya ce a ba shi Zakiru. A gidanmu ƙane ba ya ce wa wanshi a'a. Ɗan ƙanenka ɗanka ne, in ka ce a ba ka ba roƙo kake ba. Amsa ɗaya ce Baba ke da ita wadda ba za ta zama rashin kunya ba: "Yaya, lakkol ta riƙe shi." Baba Abdoulaye yana jin nauyin abin gwamnati, sai ya gyaɗa kai ya haƙura. Amma bara da zai tafi ya ce, "Ranar da ta sake shi, nawa ne." Baba ya ce to, a gabana. Ni kuwa ban taɓa ganin yaron da ya tafi rijiya ya dawo aji ba.

Ana nan cikin watan Maris sai ga labari, wai ansfekta zai zo daga Maradi ran Laraba ya zauna a ajin Mushe Abarci. Kai, zo ka ga rawar kai! Ya zaɓi darasin da zai yi, wai les adverbes de manière, kalmomin nan da ke faɗin yadda aka yi abu, a hankali ne ko da sauri, da ladabi ko da garaje. Ba wani abin tashin hankali ba ne. Ka ɗauki sifa, ka maida ta ta mace, ka liƙa mata -ment a wutsiya: lent, lente, lentement. Doux, douce, doucement. In ta ƙare da wasali ba ruwanka da macen, poli ta zama poliment. Masu ƙarewa da -ant da -ent su ne ke da ɗan taurin kai, courant ta koma couramment, prudent ta koma prudemment. Abin da malamin kirki zai koyar cikin kwana biyu ya wuce gaba, shi sai ya maida shi biki.

Ran Litinin da safe na ji shi ta zana yana tada yara ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya miƙe ya ce lentement, ya ce prudemment. Wanda bakinshi ya yi mashi daɗi, ya ce ya koma dama. Wanda ya yi tuntuɓe, hagu. Da aka zo kan Zakiru na ajiye matsami na kasa kunne.

"L-l-l... len..."

"Ça suffit. À gauche."

Ko bari ya ƙarasa bai yi ba. Kafin a fita shan iska ya tankaɗe ajin kamar garin tuwo, fiye da rabi suka zama tsaki. Ya ce wai ya ba su congé spécial, kar ya sake ganin ƙafar kowa sai baƙo ya tafi. Sauran malamai ma ya karɓe awowinsu don ya samu lokacin gwaji. Su kuwa me suke nema? Suka ba shi, suka koma gindin itacen bedi shan shayi. Yaran da aka kora suka fito da ihu, ƴan banza, wai an ba su hutu. Zakiru kaɗai ya zo ya tsuguna kusa da murhuna, yana ta murza igiyar jakarshi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da aka tashi na tare Mushe Abarci a bakin ƙofa.

"Mushe, don Allah ka ɗan tsaya. Zakiru ƙanena ne. Ya san darasin nan, ba shi allo ka gani."

"Mademoiselle Sa'adiya, wanga abu pédagogie ce, ba suyar awara ba."

Na haɗiye. "To ka bar shi ya zauna can baya, ba zai buɗe baki ba."

"In ansfekta ya nuna shi da yatsa fa? Awa guda gare ni duka-duka, ƙanenki kuwa kalma ɗaya sai ta ci rabinta. Maganar abincina ake yi."

Sai na kwashe labarin Baba Abdoulaye na faɗa mashi, abin da ban taɓa faɗa wa bare ba. Na ce mutumin nan Juma'a yake shigowa kasuwa, in ya tarar yaron ba ya lakkol shi ke nan, an gama. Yana saurare yana duba agogo. Da na ƙare ya ce, "Laraba an gama komai, Alhamis ya dawo. Ku mutanen daji kun cika tsoro." Ya kakkaɓe alli daga hannun kwat ɗinshi ya wuce. Mutanen daji! Daga bakin wanda bai san kwalta ba sai da ya yi gemu. Na je wajen diraktan lakkol, ashe bakinsu ɗaya. Ya ce maganar sunan makaranta ce, in yi haƙuri.

Ban faɗa wa Baba ba. Kullum da safe Zakiru ya rataya jakarshi mu fito tare kamar yadda muka saba, ya zauna bayan zana kusa da ni, allonshi a kan gwiwa.

Abin da kunnena ya ji a kwanakin nan, Allah ya isa. Ba karatu ake ba, wasan kwaikwayo ake. Kowane yaro an ba shi kalmarshi, da wurin zamanshi, da lokacin da zai ɗaga hannu. Wani Nafi'u shi ne mai rapidement, wato da sauri. In Mushe ya ce, "Comment court Nafi'u?" sai ya zabura ya ruga zuwa tabulo, babban allon aji, aji ya amsa, "Il court rapidement!" Wata Ramla ita ce mai doucement, za ta rufe ƙofa a hankali. To ajin kara ina ya ga ƙofa? Sai ga Mushe ya sa an ɗauko ƙyauren kwano daga gidan da yake haya, aka ɗaure shi da waya a jikin dirka. Ramla ta wuni tana rufe shi tana buɗewa, yana ƙara kamar an taka akuya.

Har kuskure sai da aka shirya. An ce ansfekta yana son ya ga yadda malami ke gyara yaro, sai Mushe ya zaɓi wata Haula ya koya mata ta ce gentillement, shi kuma ya yi murmushi, ya dafa tebur, ya ce, "Presque, ma fille. On dit gentiment." Murmushin ma sai da ya gwada shi ya fi a ƙirga. Ran Talata yarinyar ta manta ta faɗi daidai, ya daka mata tsawa har ta yi kuka. Na ce a raina, kai jama'a, ko kuskuren nan ma bai ga Zakiru ya cancanta ba.

Shi kuwa bawan Allah yana bayan zana yana bin su. Duk kalmar da aka faɗa ya rubuta a allo, ya goge da gefen riga, ya rubuta ta gaba. In Mushe ya yi tambaya, leɓenshi na motsi. Na ce, "Kai, rabu da su, ɗauki awara ka ci." Ko ɗago kai bai yi ba.

Laraba aka share fili, aka yayyafa ruwa, aka jera duwatsu aka shafa masu farar ƙasa, yaran da aka zaɓa suka zo da kayan sallah. Diraktan ya ce in janye kaskona saboda hayaƙi, kuma kar ya ga yaro ko ɗaya yana ragaita a bakin lakkol. Na matsa gindin aduwa, inda har yanzu ina jin komai, na tura Zakiru gidan ƙawata Uwale ya ɓuya har a tashi. Aka yi ta jira har azahar. Sai aka bugo waya, wai motar baƙo babu esansi, mai ya ƙare, sai gobe. Alhamis aka sake yayyafa ruwa, aka ce an kira baƙon taro. Na sake tare Mushe na ce gobe Juma'a fa. Ya ce, "Patiemment, mademoiselle, patiemment," wai in bi da haƙuri, yana dariya, shi a dole ya yi gwaninta.

Juma'a da hantsi motar ta iso, na riga na sake tura Zakiru gidan Uwale. Ansfektan wani ɗan dattijo ne mai tabarau, da ganinshi hanya ta gajiyar da shi. Aka kai shi kan kujerar da aka aro ya zauna a baya, aka fara. Nafi'u ya ruga, aji ya amsa. Ramla ta rufe ƙyaure. Muryar Mushe Abarci ta yi laushi, ka rantse ba shi ba ne, yana ta "très bien, mon petit" da yaran da jiya-jiya yake kira jakai. Ina juya awara ina addu'ar a gama a tafi.

Ɗaga kan da zan yi sai ga Baba Abdoulaye tafe, da rawaninshi, da sanda a kafaɗa, da ƙullin cuku a hannu. Ashe ya shigo da wuri, ya kai awaki kasuwa, ya ce bari ya biyo ya ba ɗanshi tsaraba. Mutumin da bai taɓa taka lakkol ba sai rannan! Na tashi da sauri na durƙusa na gaishe shi, na ce ya kawo in ajiye wa yaron, ana karatu ba a shiga.

"Ba shiga zan yi ba, ɗiyata. Ganin shi kawai zan yi."

Ya je ya sa ido a wata kafa ta zana. Ya daɗe yana dubawa, layi bayan layi. Ya ɗago.

"Ba ya ciki."

"Ya je shan ruwa ne, Baba."

Kafin in ƙara wata ƙaryar sai ga diraktan ya taho da sassarfa, ya hango baƙauye da sanda ya liƙe a jikin ajin da baƙo ke ciki. Yana magana ƙasa-ƙasa yana kaɗa hannu kamar mai korar kaji.

"Malam, lafiya? Matsa daga nan don Allah."

"Ɗana nake nema. Zakiru Mamani."

"Ba ya nan. Waɗanda ke ciki su ke nan. Sauran mun sallame su tun Litinin, suna gida. Je ka can ka neme shi."

Na ce, "Mushe diraktan, hutu ne na ɗan lokaci, ka faɗa mashi hutu ne!" Ya harare ni, ya aza yatsa a baki, ya juya ya koma. Daga cikin aji na ji Haula ta ce gentillement, Mushe ya ce presque, ma fille.

Baba Abdoulaye bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mani sauƙi. Ya dube ni kawai ya ce, "Kashe wutarki ki biyo ni gida."

Muka tarar da Baba a zaure yana shirin masallaci. Aka tsare ni sai da na faɗi inda yaron yake, aka aika gidan Uwale aka kira shi. Ya shigo da jakar lakkol a rataye, ya ga wanda ke zaune, ya tsaya cik.

Baba Abdoulaye ya ce, "Zo nan, ɗana. Yaushe rabonka da aji?"

Na ƙifta mashi ido, na sake ƙiftawa. Ina! Yaron nan bai iya ƙarya ba.

"T-tun Litinin."

"Laifi ka yi?"

"A'a."

"To me ya sa?"

Sai Zakiru ya ɗaga hannu ya nuna bakinshi.

Baba Abdoulaye ya juya wajen ƙanenshi. "Mamani, ka gani. Shanu na kwana da ƙishi. Ni da tsufana ni ke korar sa, ni ke dawowa in tarbi wasaki, yaro kuwa yana ɓoye a ɗakin mata da jaka a wuya. Mutanen da ke ɓoye shi in sun yi baƙo, su ne kake ce mani sun riƙe shi? Ni ba na jin kunyar bakinshi. Shanu ma ba su ji."

Abin haushi, na rasa inda zan kama maganar in ƙaryata. Na durƙusa na ce Litinin zai koma, wallahi zai koma, malaminshi da kanshi ya faɗa. Baba bai dube ni ba, kanshi na ƙasa. Ya ce, "Sa'adiya, a gabanki na ba da baki." Na fashe da kuka, na ce yaron nan shi ne na farko a gidanmu da ya kama hanyar kaiwa wani wuri, kar a yanke mashi ita saboda sakarcin wani. Baba Abdoulaye ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "To ga hanya, ɗiyata, kar ki ce na zalunce ki. Babbansu da bakinshi ya ce sun sallame shi. In malamin nashi ya zo nan ya dube ni ya ce yana son yaron, zan bar shi. Motar Azagor bayan la'asar take tashi."

Ana saukowa daga masallaci na ruga gidan diraktan, don can aka kai baƙo cin abinci. Tun daga waje kana jin ƙanshin zabi da shewar maza. Na yi ta sallama har na gaji kafin a ce da Mushe Abarci ana kiran shi. Ya fito da cinyar zabo a hannu, karabat a sassauce, fuska sai ƙyalli take. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Mademoiselle! Kin ji? Ya ce ya daɗe bai ga aji mai rai irin nawa ba."

"Barka, Mushe. Don girman Allah ka zo gidanmu, nan kusa ne. Magana ɗaya za ka faɗa. Za a tafi da Zakiru."

"Wane Zakiru?"

Wallahi tallahi haka ya ce. Ba wasa yake ba, har yamutsa goshi ya yi yana tunani.

"Ƙanena. Mai in'ina. Wanda na ba ka labarinshi."

"Ah, oui, oui. To ai an gama, ya zo Litinin."

"Babu Litinin, Mushe. Yau za a tafi da shi, sai dai in ka zo."

Ya waiga cikin gida inda baƙo ke dariya. "Yanzu? In tashi in bar ansfekta a kan tabarma, bai ma sa hannu a takardata ba? Ki yi tunani mana. Ku ce da tsohon ya jira."

Na kama hannun kwat ɗinshi. Ni Sa'adiya, da ban taɓa roƙon namiji ba, na durƙusa a ƙofar gidan mutane ana wucewa ana kallona. Ya fizge hannunshi, ya duba ko na shafa mashi mai, ya ce in ya sallami baƙo zai gani. Ya shige.

Na tsaya a wurin cikin ranar nan har aka kira la'asar, bai fito ba. Daga baya na ji ashe baƙon kishingiɗa ya yi, su kuma manyan malamai suna zaune suna gadin barcinshi.

Da na iso tasha an riga an loda. Zakiru yana can sama a kan buhunan dusa da gishiri, an naɗa mashi wani tsohon rawani da ya yi mashi yawa. Jakar lakkol ya baro ta a ɗaki. Na ƙulla sauran awarar da ban sayar ba a leda na jefa mashi, ya cafe. Ya sunkuyo zai ce mani wani abu, kalmar ta maƙale, ya rufe ido yana kokawa da ita. Direba kuwa bai jira ba.

Ran Litinin aka kwance ƙyaure aka maida shi gidan haya, aji ya sake cika maƙil, muryar Mushe ta koma yadda Allah ya yi ta. Ina ji yana kiran suna. "Zakiru Mamani." Yara suka ce, "Absent!" Ya wuce na gaba. Da aka fita shan iska ya zo ya tsaya nesa da hayaƙi, wai mademoiselle, sans piment. Na ce ta ƙare. Ya dubi tire cike da awara a gabana, ya dube ni. Na ce ta ƙare, Mushe, kuma gobe ma ta ƙare. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi wajen mai ƙosai.

Can inda suke babu rezon waya sai an hau tudu, saboda haka an jima sosai kafin in ji daga gare shi. Wata rana da hantsi ina tsakar suya wayata ta yi ƙara, lambar Baba Abdoulaye. Na ɗauka. Iska na kaɗawa a ciki, da kukan shanu can nesa.

"Y-yaya."

"Zakiru! Kai ne? Lafiyarka ƙalau? Kana cin abinci? Hannunka fa, igiya ba ta yanka ka ba?"

Ya ce lafiya lau, hannun ya saba. Na ce ya yi haƙuri, ba zan bar maganar ba, in damina ta sauka ruwa ya samu zan sake tada ta. Ina faɗa ina jin kunyar kaina, don ni da shi duk mun san ba a yi.

"Y-yaya, akwai abin da nake son in t-tambaye ki tun a tasha."

"Faɗi, ina jin ka. Kar ka yi sauri."

"M-mushe. Dubawar da ansfekta ya yi mashi, ya ci?"

Na dubi zana. Daga ciki ana jin shi yana zagin wani yaro.

"Ya ci," na ce. "Takardarshi ma ta fito."

"Alhamdu lillahi," in ji Zakiru, har da ajiyar zuciya. "Na yi ta m-mashi addu'a."

Na buɗe baki, zagin da na tara tun watan Maris ya taho mani har maƙogwaro. Sai na ji muryar Baba Abdoulaye daga nesa yana kiran shi ya zo ya kama igiyar sa.